Ramin da ke kan hanyar lakwal yana da mai shi

Idan mota ta buge ɗalibi a kan kekensa, kowa ya san abin yi: a kira ƴan sanda, a auna wuri, a tambayi direba takardar inshora. Amma idan rami ne ya kayar da shi, ko bakin magudanar da murfinta ya ɓace tun bara, sai a kwashe shi zuwa wurin maɗori. Maƙwabta su shigo da "sannu, Allah ya tsare gaba", uba ya sayar da akuya, magana ta mutu. Karayar iri ɗaya ce, makonnin da yaron zai yi ba ya shiga aji su ma ɗaya ne. Bambancin kawai, a ta biyu mun saba ɗauka cewa babu wanda za a tambaya. Ni kuwa ina ganin akwai, kuma shirunmu na cikin abin da ke raya ramukan.

Dalilin da ya sa mai keke ke zama maraya a nan ba ɓoyayye ba ne. Dokar inshora da muke aiki da ita, wadda ake kira CIMA, ta fito daga yarjejeniyar da ƙasashenmu suka sa wa hannu a Yawunde a 1992, kuma abin hawa mai inji ta tilasta wa inshora. Keke ba ya ciki. Yaron da ya faɗi shi kaɗai ba shi da kamfanin da zai nufa. Abin da ya rage masa shi ne mai hanyar.

Kuma kowace hanya tana da mai ita. Babbar hanya ta ɗaya, wadda ta taso daga Yamai ta bi Doso, Ƙonni, Maraɗi da Damagaram har Difa, ta gwamnatin ƙasa ce, akwai ma asusu na musamman, FER, da aka kafa don gyaran irinta, kuma masu motoci na biyan peyaji a kanta. Titunan cikin unguwa da magudanansu kuwa, dokar ƙananan hukumomi ta 2010 ta ɗora kula da su a kan ma'aikatar magajin gari. Rusa majalisun da aka yi a watan Afrilun 2024, aka naɗa masu riƙo, bai sauke wannan nauyi ba. Kujerar ce ke ɗauke da shi, ko wa ke zaune a kanta. Akwai na uku da muke yawan mantawa: ɗan kwangila ko kamfanin da ya fasa kwalta don ya binne bututu ko waya, ya tura ƙasa sama-sama ya yi gaba.

Mu malamai bai kamata wannan magana ta zame mana baƙuwa ba. Tun a makarantar horon malamai aka karanta mana aya ta 1382 da ta 1384 na kundin dokar farar hula: wanda ya jawo wa wani ɓarna da laifinsa sai ya biya, kuma mutum na amsa tambaya a kan abin da ke ƙarƙashin kulawarsa, har da malami a kan ɗalibansa muddin suna hannunsa. Shi ya sa idan yaro ya fasa wa ɗan uwansa kai lokacin tara, direkta ba ya tambayar ƙaddara, tambaya yake wane malami ne ke tsaron fili. To, idan za a tuhumi malami a kan minti goma sha biyar na hutu, me zai hana a tuhumi hukuma a kan ramin da ya kwana damina biyu a ƙofar kolej?

Ita hukuma ba da waɗannan ayoyi kai tsaye ake kama ta ba, tana da nata ɓangaren shari'a, wanda muka gada daga Faransa. Abin sha'awa, tushensa ma yarinya ce. A 1873 wata kotun Faransa ta yi hukunci a kan Agnès Blanco, ƴar shekara biyar da amalanken masana'antar taba ta gwamnati ya take a birnin Bordo, inda aka tsayar cewa gwamnati na iya ɗaukar alhakin ɓarnar ayyukanta, bisa ƙa'idoji nata na daban. A cikin ƙa'idojin da suka biyo baya akwai wadda kowane uba ya kamata ya sani. Wanda ya ji rauni yana amfani da hanya ba sai ya tabbatar da sakacin hukuma ba. Nasa shi ne ya nuna raunin, ya nuna cewa lalacewar hanyar ce ta jawo shi. Daga nan hukuma ce za ta kawo hujjar cewa tana kula da hanyar yadda ya kamata, ko ta sa alamar gargaɗi. Ba kowace ƴar gargada ce ake biya ba. Alƙalan Faransa sukan ɗauki ramin da bai kai kamar santimita 5 ba a matsayin abin da mai tafiya zai yi tsammani. Namu da ke haɗiye tayar gaba sukutum sun daɗe da wuce wannan awo.

Na san abin da wani zai ce: ai ƙaddara ce, musulmi ba ya shari'a da abin da Allah ya hukunta. Imani da ƙaddara bai taɓa soke diyya ba. A cikin Muwaɗɗa, Imamu Malik ya ɗora lamuni a kan wanda ya haƙa rijiya a hanyar jama'a inda bai halatta masa ba, idan wani ya faɗa ya ji rauni. Yafewa alheri ne, amma sai wanda ya san haƙƙinsa ne ke yafewa. Mafi yawanmu ba yafewa muke ba, ba mu san ana binmu ko muna bi ba.

Hukuma kuma za ta ce ruwa ne. Gaskiya daminar 2024 ta yi ɓarnar da har aka ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba, kuma babu mai hankalin da zai zargi magajin gari a kan hanyar da ambaliya ta cinye da dare. Amma uzurin ruwa na da wa'adi. Ramin da aka wayi gari da shi a watan Agusta, idan yana nan a watan Fabrairu ko tsohuwar taya ba a jefa a bakinsa ba don gargaɗi, ya tashi daga laifin ruwa. Titunan Maraɗi Kwalliya na 2015, Tawa Sakola na 2017 da Zinder Sabuwa na 2018 an yi bikin buɗe su da kiɗa. Share yashin da ke taruwa a gefensu, inda masu keke ke bi, ba ya buƙatar biki.

Namu gefen ma sai mun gyara, don alƙali na rage diyya ko ya hana ta idan mai raunin na da laifi. Keken da ba birki, ba fitila, an goya ƙanne biyu a kai, hujja ce muka miƙa wa hukuma da hannunmu.

Abin da nake nema ga kwamitocin kula da makarantu da ƙungiyoyin iyaye ba shi da tsada. Farkon shekara, a bi hanyoyin da yara ke biyowa, a ɗauki hoton kowane rami da kowace magudana buɗaɗɗiya, a rubuta wa magajin gari wasiƙa, a kai da hannu, a karɓo kofi mai hatimi da kwanan wata. Daga ranar, babu mai cewa bai sani ba. Idan kuma tsautsayi ya faɗa, a ɗauki hoton wurin kafin a cike shi, a rubuta sunayen waɗanda suka gani, a kai yaron likita ko da za a koma ga maɗori daga baya, don takardar likita ce kotu ke karantawa. A adana kowane rasit na magani. Mai hali ya kira wusiye ya rubuta abin da ya gani. Marar hali ya nemi ofishin ANAJJ a babbar kotun jiharsa, hukumar da aka kafa a 2011 don taimakon shari'a ga talaka. Sannan a rubuta neman diyya da wuri, da sunan uban yaron, kwamitin makaranta na tsaye a bayansa, don uba ɗaya tilo a ƙofar ofis "dawo gobe" kawai zai yi ta ji.