Mai jarka goma ne ke shanye mana waifai

Jama'a, ranar Talata na baro Kujama tun bayan sallar asuba, na bi titin Kachia na shigo makaranta don kawai in samu intanet mai ƙarfi. Ƙarfe goma sufabaizana zai saurari babi na uku na aikina ta Google Meet, saboda yana tafiya. Ba mu yi minti biyar ba muryarsa ta fara yayyankewa, ni ina "ranka ya daɗe, ban ji ba", shi yana "maimaita". Ƙarshe ya ce mu bari sai ya dawo. Sati biyu sun tafi kenan. A teburin bayana kuwa wani bawan Allah na ta sauke fina-finai hankalinsa kwance.

Wallahi ban ga laifinsa ba. Tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, kowa ya ga na banza sai ya cika jarkarsa. Kuma in famfo ɗaya ne babu mai tsara layi, mai jarka goma ne zai kwana a bakinsa.

Kullum kukanmu a ƙaro megabit. To mu yi lissafi. A ce layin megabit 100 ne, mu 200 muna kai: rabin megabit kowa. Kiran murya ko kilobit 100 ba ya ci. Abin da ba ya jurewa shi ne jinkiri, shi ya sa ƙa'idar hukumar ITU ta ce kada ya wuce milisakan 150. Fim kuwa ko an tsayar da shi minti guda, ba abin da ya same shi. Amma manhajar saukewa tana buɗe hanyoyi barkatai a lokaci ɗaya, ta cushe rauta, muryar malamina ta tsaya a bayanta tana jira. Ko an ninka layin, haka za ta sake cinye shi.

Gyaran bai kai yadda ake zato tsada ba. Rauta irin MikroTik tana da tsarin PCQ da ke raba layi daidai tsakanin waɗanda ke kai. Kowa ya shiga da lambar rajistarsa, a sa lakca da kiran bidiyo a gaba, saukewa a baya. Bayan sha biyun dare a saki, mai fim ya sha shagalinsa.

Masu cewa a toshe YouTube, don Allah ku bari. A can yawancinmu muka koyi SPSS, kuma da VPN ɗin kyauta yara za su tsallake shingen kafin azahar.

Wakilanmu na ƙungiyar ɗalibai, in kun zauna da sashen kwamfuta, ku tambaye su abu ɗaya: megabit nawa ɗalibi guda zai iya ja da ƙarfe goma na safe, kuma wa ya kayyade?