Ka ɗora hoton Ƙofar Mata, to wa zai gaji marinin?

Bi ta Fagge ana saura mako guda sallah, ƙarar janareto da injin ɗinkin kwamfuta ce za ta tarye ka. Aikin wuyan rigar da mai allura kan shafe makonni a kai, yanzu inji na gama shi kafin la'asar. Ba laifi. Tela ya samu na tuwo, kai ma ka samu kayanka a kan lokaci, in dai telan naka mai cika alkawari ne.

Amma a cikin abokanka, wa ya iya fitar da aska takwas da hannu? Wa ya san yadda ake haɗa baba da toka da katsi a rijiyar rini, a jira kwanaki har ruwan ya nuna? Wannan ilimin a hannun dattawa yake, ba a littafi ba. Duk wanda ya rasu bai koyar ba, da nasa ya tafi.

Mun iya alfahari kam. Mu je Ƙofar Mata, marinar da ake cewa tun 1498 take, mu ɗauki hoto mu zuba a TikTok. Mu ce ai da Bature Heinrich Barth ya zo a 1851, ya tarar kayan Kano na kaiwa har Tambutu. Daga nan sai mu zarce Kantin Kwari mu sayi yadin Chana, mu leƙa kasuwar Sabon Gari mu ɗauki takalmin roba, baduku na zaune da fatarsa.

Na san amsarka: tsada. Gaskiya ne, aljihun ɗalibi ba ya ɗaukar babbar riga ta hannu, ni ma nawa haka yake. Sai dai kai, mai dubban mabiya, kana da abin da marinin ba shi da shi. Ke ma haka, mai sayar da atamfa ta WhatsApp. In kin je, ki tambayi sunansa da farashin kayansa, ki nemi izininsa, ki sa lambarsa a ƙarƙashin bidiyon. Masu saye daga Legas ko Yamai su kira shi kai tsaye.

Kai kuma ɗan gidan maƙera ko dukawa da ke ɓoye sana'ar gidanku a makaranta, wallahi mun gan ka. Hutun nan, zauna kusa da Baba, ka riƙe masa zugazugi, wayarka na ɗauka.