Gasar Open da Filin Turnberry: Wa Zai Zama Ango a Wannan Biki?

Mun sani wasan golf, wanda wasu gidajen rediyo ke kira ƙwallon lambu, ba ya cikin hirar zaurukanmu, kuma galibinmu daga bayan shinge muke hango filinsa a manyan birane. Sai dai akwai wata taƙaddama da ake yi a kansa a Birtaniya, wadda duk wanda ya taɓa saukar babban baƙo zai gane kanta, shi ya sa muka ga ya dace mu tofa albarkacin bakinmu.

Gasar Open ita ce mafi daɗewa cikin manyan gasanni huɗu na wannan wasa. An fara ta a 1860 a garin Prestwick na ƙasar Sikotland. Ba ta da mazauni guda; hukumar R&A mai shirya ta tana zagayawa da ita tsakanin wasu filaye na bakin teku. Cikinsu akwai Turnberry, wanda ya sauke ta sau huɗu, a 1977 da 1986 da 1994 da 2009, daga nan kuma ba a sake komawa ba. A 2014 Donald Trump ya sayi wurin, ya kashe dukiya wajen gyara shi, kuma shi da iyalansa ba su ɓoye burinsu na ganin gasar ta dawo ba.

Masu wannan buri suna da hujja, ba za mu tauye musu ita ba. Sun ce da tsohuwar zuma ake magani. A wasan golf wanda ya gama ramuka da mafi ƙarancin bugu shi ne gwani, to a Turnberry ne a 1977 Tom Watson ya kayar da Jack Nicklaus da tazarar bugu ɗaya tak, bayan sun yi wa sauran 'yan wasa fintinkau. A nan Nick Price na Zimbabuwe ya ɗauki kofin a 1994. A 2009 kuma wannan Watson ɗin, yana da shekara 59, ya iso ramin ƙarshe yana kan gaba, ƙwallo ta ƙi masa, Stewart Cink ya karɓe kofin a wasan raba gardama. Dattawan da suka kalli wannan rana har yau suna jin ciwonta. Ta fuskar kyawun fili kuwa, ba mai musu.

Duk da haka ra'ayinmu shi ne R&A ta yi daidai da ta ƙi komawa, kuma kada ta yi gaggawar sauya magana. Gasar ba gadon kowane fili ba ce. Prestwick da ta haife ta ma, rabonta da ita tun 1925, lokacin da cincirindon 'yan kallo ya fi ƙarfin wurin.

Wanda ke son ganin yadda ake dawo da gasa tsohon masauki, ya dubi Royal Portrush a Ailan ta Arewa. Ta sauke Open a 1951, sannan ta jira shekara 68. Cikin waɗannan shekaru yankin ya sha rikicin da bai lafa ba sai bayan yarjejeniyar sulhu ta 1998. Da magana ta taso, masu filin suka yarda aka cire ramukansu biyu na ƙarshe, na 17 da na 18, don a sami wurin kafa rumfunan baƙi, aka haƙa sababbi biyu a wani ɓangaren. Garin ya sake gina tashar jirgin ƙasa. Mutum ne ya rushe ɗakin da ya gada don baƙo ya sami wurin shimfiɗa, kuma ba kowa ke iya wannan ba. A 2019 mutum 237,750 suka halarta, Shane Lowry ɗan Ailan ya ci, a 2025 kuma aka sake komawa da jama'ar da ta fi ta farko. Turnberry kuwa a 2009 kimanin mutum 120,000 ta tara. Babbar hanya guda ce ke kaiwa can, tashoshin jirgin ƙasa suna garuruwan Girvan da Maybole, masaukai kuma ba su wadata ba. Wannan ce hujjar da shugaban R&A na yanzu, Mark Darbon, ya fi kafawa.

A nan ne muke da ƙorafi a kan hukumar. Maganar hanya gaskiya ce, amma rabin gaskiya ce, kuma kuɗi na iya share ta cikin 'yan shekaru. Ɗaya rabin an faɗe shi a fili a Janairun 2021, bayan magoya bayan Trump sun afka wa majalisar dokokin Amurka. A makon ne aka janye gasar PGA ta 2022 daga filinsa na Bedminster, shugaban R&A na lokacin, Martin Slumbers, ya ce ba za su koma Turnberry ba sai sun tabbata hankalin duniya zai tsaya kan gasar da 'yan wasa da filin. Wannan sharaɗi bai canza ba. Ƙaruwa ma ya yi da mai filin ya koma kujerar shugabancin Amurka. Mun halarci bukukuwan da mai masauki ya cika zaure da kansa har aka manta da ango, mun kuma san yadda dangin ango ke komawa gida. Ɗan wasan da ya kwashe shekara ashirin yana neman wannan kofi bai kamata ya ɗaga shi a matsayin ɗan rakiya ba.

Hukumar ta taɓa nuna tana iya tsayawa kan ƙa'ida. A 2016 'yan ƙungiyar Muirfield suka kaɗa ƙuri'a, ba a sami rinjayen da zai ba mata damar shiga ba, nan take R&A ta cire filin daga jerin masu sauke gasar. Shekara ba ta cika ba suka sake zaɓe suka buɗe ƙofa. A wancan karo an gaya wa mai fili laifinsa da sunansa, shi ya sa ya san abin da zai gyara. In yau aka ce wa Turnberry hanya ce kawai matsala, ranar da aka faɗaɗa hanyar, da wane baki R&A za ta ce a'a?