Da Idon Wa Nasara Ya Ci Ƙasarmu?

Ya ku 'yan'uwa na Cadakori, da Gidan Rumji, da Agye, da Gazawa, ku saurara.

Littattafan da muka karanta a lakwal sun koya mana wai kumandan ya ci ƙasar nan da bindiga da jaruntaka. Ƙarya ce! Bindiga ba ta san inda rijiya take ba. Nasara makaho ne a dajinmu, sai ɗan ƙasa ya ja masa gora, ya duba sawun raƙumi ya ce jiya ya wuce, kuma da kaya a bayansa.

Ku tuna da 1899. Turawan da ke cikin rundunar Voulet da Chanoine ba su kai goma ba. Wa ya kai su Lugu garin Sarauniya? Wa ya nuna musu hanyar Birnin Kwanni har suka ƙone shi? Talakawa ne da aka kamo aka ce su shiga gaba. Ladansu kuwa igiya. Jagoran da aka zarga da ɓatar da runduna a bisa itace ake rataye shi, kuraye su ci ƙafafunsa. Da Kanar Klobb ya biyo su bai sha wahalar neman sawu ba, toka da gawawwaki suka kawo shi Ɗankori, inda Voulet ya sa aka harbe shi ran 14 ga Yuli. Kaburburan azzaluman nan biyu suna Maijirgi. To, ina kabarin jagora ko ɗaya?

Waɗancan tilas aka yi musu, ba mu zarginsu. Amma daga baya Faransa ta mai da abin sana'a, ta ɗauki gumiye a kan raƙuma da albashi. A 1916 Abzinawan Hoggar masu yi mata aiki su suka kashe Firhun. Da aka kori Kawusan daga Agadas a watan Maris na 1917, da masu sanin rijiyoyin Abzin aka yi farautar mutanensa.

Kada wani ya ce mana wai an riƙe su da amana. A Aljeriya, da yaƙi ya ƙare a 1962, Faransa ta kwashe nata ta bar mafi yawan harki a baya, aka kashe dubbai. A Namibiya, daga 1979, rundunar Koevoet ta Afirka ta Kudu ta riƙa sa Ovambo suna gudu a ƙasa suna bin sawu, farar fata na biye cikin mota mai sulke, ana biyan lada a kan kowane kai.

Saboda haka muna kira ga kowane reshe: ranar kasuwa ku zauna da tsofaffi, ku tambayi abin da kakanninsu suka faɗa, wane gari aka kama jagora, wa ya ɓatar da su da gangan. Ku rubuta, ku ba sakataren reshe ya aiko mana.