Haƙƙin Yaran Ɗinki A Wuyan Mai Shago Da Mai Riga

Akwai wani al'amari a kasuwannin Birnin Kebbi da Argungu wanda ido ya saba da shi har ya daina ganinsa, watau halin da yaran teloli ke shiga idan azumi ya kai goman ƙarshe. Ƙasar Kabi ba ta da manyan masaƙu, amma ɗakin da aka jera kekuna shida ko takwas ana ɗinki dare da rana, ma'aikata ce, ko da ba a kafa mata allo a ƙofa ba.

Abin da sana'ar tufa ke yi wa jiki ba baƙon labari ba ne a Arewa. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957, zamanin Sardauna, ta ciyar da dubban gidaje kafin a rufe ta a 2002, amma likitoci sun san cutar da ƙurar auduga ke sa wa masu aiki a irin waɗannan wurare: ƙirji ya ɗaure, numfashi ya yi wuya, in an daɗe kuwa tari ya zauna. A ƙasar Bangaladash, ran 24 ga Afrilu 2013, wani bene mai hawa takwas da ake kira Rana Plaza ya rufta kan maɗinka, mutum 1,134 suka rasu. Kwana guda kafin nan an ga bango ya tsage, duk da haka aka tilasta su koma kan keke, domin wai kaya na jira.

To, wannan kalma ta kaya na jira, ita ce yaron tela ke ji a nan. Yana da azumi a baki, in bazara ce zafi ya haura ma'auni 40, ya wuni a duƙe, ya sha ruwa ya koma, sai sahur. Mai surfani yana bin zare a ƙarƙashin fitila mai duhu har idonsa ya yi ja. Waɗansu kuma, don su kori barci da ciwon baya, sai su haɗiyi taramol, ƙwayar da kan jefa mutum farfaɗiya, in ta kama shi kuwa ba ta saki da sauƙi.

Mafi muni duka shi ne injin wuta. Da an ɗauke lantarki sai a tada janareta a bakin ƙofa, wani ma a cikin shago don tsoron ɓarayi, a ja ƙyaure. A cikin hayaƙinsa akwai wata iskar guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Tana shiga jini ta tare wurin iskar numfashi. Farkonta ciwon kai da jiri, yaro ya zaci gajiya ce, ya kishingiɗa kan tarin yadi. Wani ba ya tashi daga wannan barcin. Sa'an nan a ce kwana ne ya ƙare. Gaskiya ne ajali na Allah ne, amma wannan ba ya ɗauke tambaya daga kan wanda ya rufe ƙofa.

Malamai ba su bukatar a karanta musu babin ijara. Sun san ba ta inganta sai an san aiki an san lada, sun san kuma shari'a ta hana a ɗora wa wanda ke ƙarƙashin mutum abin da ya fi ƙarfinsa. Malam Abdullahi na Gwandu, Allah ya yi masa rahama, har littafi ya wallafa a kan hisba. Da yawa daga cikin yaran nan almajirai ne, malaminsu ne ya kai su koyon sana'a, uba kuwa yana ƙauye ya sakankance. Wanda ya karɓi amanar yaro, wajibi ne ya taka ya ga ɗakin da yake kwana a kan keke. Dokar ma'aikatu ta 1987 ta wajabta iska da haske da rashin cunkoso, sai dai ba a saba ganin sufeto a rumfar tela ba.

Attajirai ma da nasu kason. Mutum ya sayi shadda tun Rajab, ya ajiye, sai ran 25 ga Ramadan ya aika da ɗinkin gida duka, yana cewa lalle kafin daren Salla. Tela kuma kwaɗayi ya hana shi cewa a'a. Wanda zai biya wannan jinkiri da idonsa da ƙirjinsa, shi ne ƙaramin da ba a yi cinikin da shi ba.

Ya kamata shugabannin teloli na garuruwan biyu su yanke ranar da za a rufe karɓar ɗinkin Salla, janareta ya zauna waje nesa da taga, a bar yaro ya yi barci bayan asham ko bayan asuba. Masu tafsiri kuma su faɗi haka tun daren farko, lokacin da masu riguna ke zaune a sahun gaba.