Dattijon da ke zaune a bencin baya

Wanda ya taso a ikilisiyar karkara, a kudancin Kaduna ne ko a Filato ko a ƙauyukan Maguzawa na ƙasar Kano da Katsina, da wuya a ce bai san irin wannan dattijo ba. Shi ne kan riga kowa isa majami'a ran Lahadi. Da kaka, buhunsa na baiko ya fi na kowa cika, kuma lokacin da aka yi rufin majami'a, da kuɗin sansa aka sayi rabin kwanon. Amma ranar Jibin Ubangiji, idan fasto ya gutsuttsura gurasa, dattawa suka fara zagayawa da faranti, sai su wuce shi kamar ba su gan shi ba, shi kuwa ya sunkuyar da kai. Laifinsa guda ne: lokacin da bishara ta same shi, matansa biyu ne, ya kuma ƙi korar ɗaya. Saboda haka ba a yi masa baftisma ba, kuma ba za a yi masa ba sai ɗaya daga cikin matan ta mutu.

Ra'ayina shi ne wannan ƙa'ida kuskure ce, kuma ta daɗe tana cutar da mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. Ina faɗin haka ne a matsayin wanda ya amince cewa koyarwar Kirista a kan aure ita ce miji ɗaya, mace ɗaya, har mutuwa ta raba. Wannan ba shi ne abin gardama ba. Tambayar ita ce me ya kamata ikilisiya ta yi da mutumin da ya zo mata da iyalin da ya riga ya kafa tun kafin ya san koyarwar.

Yana da kyau a san inda ƙa'idar ta samo asali, domin mutane da yawa sun ɗauka daga bakin manzanni ta fito. A tsakiyar ƙarni na 19 ne muhawarar ta yi zafi a cikin Ɗarikar Angilikan. John Colenso, bishop na Natal a kudancin Afirka, ya ga abin da ke samun matan Zulu da mazajensu suka sallama domin neman baftisma, sai ya ce tilasta wa mutum ya saki matarsa ya saɓa wa koyarwar Almasihu kansa a kan saki. Henry Venn, sakataren ƙungiyar mishan ta CMS a Landan, ya tsaya a ɗaya ɓangaren, kuma Samuel Ajayi Crowther, baƙar fata na farko da ya zama bishop a ɗarikar a 1864, shi ma ra'ayin hani ya bi. Da bishop-bishop suka taru a taron Lambeth na 1888, sai suka yanke cewa mai mace fiye da ɗaya ba za a yi masa baftisma ba, a bar shi a matsayin mai koyo har ranar da zai iya karɓar dokar Almasihu. Matan kuwa, an bar wa shugabannin kowane yanki su duba ko za a yi musu.

Ba a jima ba sakamako ya bayyana. A Legas, a 1891, wasu Kiristoci suka kafa ikilisiya mai zaman kanta wadda ke karɓar masu mata da yawa, wasu kuma suka biyo bayansu. Turawan mishan da suka shigo arewa bayan haka, SIM da ta fara yunƙuri a 1893, SUM da ta sauka a Wase a 1904, sun zo ne a zamanin da ake ganin maganar an riga an rufe ta. Ikilisiyoyin da suka gaje su sun gaji ƙa'idar tare da littafin waƙoƙi da ƙararrawa, ba tare da an zauna an sake auna ta da harshenmu da idonmu ba.

Abin da ya kamata mai karatu ya lura da shi shi ne waɗanda suka kafa ƙa'idar sun sauya ta. Shekara ɗari cif bayan hukuncin farko, a taron Lambeth na 1988, bisa matsin bishop-bishop na Afirka, aka amince a yi wa mai mata da yawa baftisma tare da matansa da 'ya'yansa masu ba da gaskiya. An gindaya sharuɗɗa: ya yi alkawari ba zai ƙara aure ba muddin ɗaya daga cikin matan tana raye, jama'ar ikilisiyar wurin su yarda, kuma kada a tilasta masa korar kowace mace, saboda halin ƙunci da za ta faɗa ciki. Taron bai janye koyarwar mace ɗaya ba, ya ma sake jaddada ta. Cocin Katolika ya bi wata hanya dabam: doka ta 1148 a kundin dokokinsa na 1983 ta ce mutum ya riƙe mace ɗaya, ba lalle ta farko ba, ya rabu da sauran, amma ta ɗora wa bishop nauyin tabbatar da cewa an biya bukatun waɗanda aka rabu da su. Ko wannan dokar, wadda ban gamsu da ita ba, ta san cewa akwai mace a tsakiyar maganar wadda ke bukatar ci da sha.

Kuma a kan macen nan nake so in daɗe. Idan aka ce wa mutum ya sallami amaryarsa, ina aka ce ta nufa? A ƙauye, ɗakin mace shi ne matsayinta. Gonar da take nomawa ta gidan miji ce, rumbun da take ɗibar hatsi na gidan miji ne, 'ya'yan da ta haifa kuwa al'ada ta ba uba. Mace mai shekara arba'in da 'ya'ya biyar, iyayenta sun rasu, 'yan'uwanta maza kowa na fama da nasa gidan, ta ɗaura ƙunshin kayanta ta koma wurin wa? Ko dai ta zauna a raɓe a gidan wani ƙane tana cin abincin gori, ko ta auri duk wanda ya samu, wanda galibi shi ma mai mata ne, ko ta shiga birni, inda kowa ya san abin da ke jiran macen da ba ta da kowa. Yaran da ta bari kuwa suna hannun kishiya. Su ne za su girma suna kallon majami'a a matsayin gidan da ya raba su da uwarsu, sa'an nan mu yi mamaki idan sun juya mata baya.

Ita kanta ba ta yi laifin komai ba. Iyayenta ne suka ba da ita, aka biya sadaki, dangi suka shaida, aka yi biki da rana tsaka. Ta wannan hanyar aka auri uwargida ma, kuma ikilisiya ba ta taɓa cewa auren uwargida ba aure ba ne don ba a ɗaura shi a gaban fasto ba. To da wace hujja hanya guda za ta haifar da aure a karo na farko, ta haifar da zina a karo na biyu? Dokar Musa ba ta kalli abin haka ba. A Fitowa sura 21 an hana mutumin da ya ƙara aure ya rage wa ta farko abinci ko sutura ko hakkin kwana, a Maimaitawar Shari'a sura 21 kuma an kare gadon ɗan fari ko da uwarsa ce ba a so. Doka ce da ke kallon dukansu biyu a matsayin mata, tana kuma tsaya wa wadda ta fi rauni.

Kada a ɗauka Tsohon Alkawari ya yi wa kishi ado. Gidan Yakubu da Lai'atu da Rahila gida ne na gasar haihuwa da ƙiyayyar 'yan uba, har ta kai ga sayar da Yusufu. Hannatu ta sha kuka a hannun Feninna. Gidan Dawuda kuwa ba sai an faɗa ba. Wanda ya karanta waɗannan labarai da natsuwa zai gane dalilin da ya sa Yesu, a Matiyu sura 19, ya mai da masu tambayarsa ga farkon halitta, ga namiji ɗaya da mace ɗaya. Sai dai tambayar da aka yi masa a wannan sura a kan saki ce, amsarsa kuma hani ce ga mutum ya raba abin da Allah ya haɗa. Abin mamaki ne a ɗauki nassin da ya hana saki a mai da shi hujjar tilasta saki. Ni dai idan na ji an kori amarya da sunan tsarki, Hajaratu nake tunawa, da salkar ruwanta da ɗanta a jeji, da kuma cewa Allah bai bar su a can ba.

Ayar da aka fi dogara da ita ita ce ta 1 Timoti sura 3, da 'yar'uwarta a Titus sura 1, inda Manzo Bulus ya lissafa halayen da ake nema ga shugaban ikilisiya, har da kasancewa mai mace ɗaya. Masana sun yi saɓani a kan ainihin abin da yake nufi, ko karin aure ne, ko sake aure bayan saki, ko amana a cikin aure. Duk wadda aka ɗauka, maganar a kan shugabanci take, ba a kan baftisma ba. Na yarda ƙwarai kada a naɗa mai mata biyu dattijo ko fasto, domin shugaba misali ne. Amma ƙofar shugabanci dabam, ƙofar shiga gida dabam. Kuma Bulus ɗin nan, a 1 Korintiyawa sura 7, ya shawarci sababbin masu bi da kowa ya zauna a matsayin da kira ya same shi, har ya hana mai bi ya rabu da matarsa marar bi idan ta yarda ta zauna da shi.

Masu riƙe da tsohuwar ƙa'ida suna da tsoro, kuma tsoron nasu ba na banza ba ne. Suna cewa idan aka buɗe wannan ƙofa, saurayin da aka haifa a ikilisiya zai jinkirta baftismarsa har ya tara mata, sa'an nan ya zo ya ce a karɓe shi yadda yake. Suna kuma cewa a ƙasar da maƙwabta Musulmi ke da izinin mata huɗu, mace ɗaya na daga cikin alamomin da ake gane gidan Kirista da su, kuma matan Zumunta, waɗanda su ne ƙashin bayan kowace ikilisiya, sun daɗe suna samun kwanciyar hankali a cikin wannan kariya. Wannan magana ta biyu tana da nauyi, domin uwargida ma mace ce, kuma sau da yawa ba da son ranta aka yi mata kishiya ba. Amma dattawan ikilisiyar ƙauye sun san kowa tun yana rarrafe. Ba zai gagare su ba su bambanta Bamagujen da ya ji bishara yana da shekara hamsin da ɗan mai wa'azin da ke neman wayo. Wanda aka yi wa baftisma, ya yi alkawari a gaban jama'a, sa'an nan ya je ya ƙaro mace, wannan ya karya alkawari, horo kuma ya dace da shi. Ƙa'idar da ta kasa raba waɗannan mutum biyu sauƙi kawai ta nema wa masu zartar da ita.

Akwai kuma abin da kowa ya sani amma ba a so a faɗa a taron dattawa. A biranenmu akwai mazan da a takarda mace ɗaya gare su, zobe a yatsa, hoton biki a falo, amma suna da dadiro a wata unguwa, wani lokaci har da 'ya'yan da ba za a gani ba sai ranar jana'iza. Irin wannan mutum yana cin Jibin Ubangiji kowane wata, wani ma shi ke riƙe da farantin. Dattijonmu na bencin baya, wanda ya riƙe matansa a fili, ya ciyar da su, ya sa wa 'ya'yansa suna, shi ne ake tsallakewa. Ba sai an yi wa yaran da ke kallo bayani ba, sun riga sun koyi cewa ɓoyewa ta fi gaskiya riba a gidan Allah.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da ƙa'idar ke shukawa a cikin gidan kansa. Idan aka ce mutum ba zai sami baftisma ba sai ɗaya daga matansa ta mutu, an mai da mutuwar mace ta zama mabuɗin albarkar mijinta. Ta san haka, kishiyarta ta sani, 'ya'yansu sun sani. Ran da ta kwanta ciwo, akwai tunanin da zai gifta a zukata wanda bai kamata a ce ikilisiya ce ta haife shi ba. A wuraren da ake hana amaryar ita ma Jibi, hukuncin ya hau kan wadda aka aurar tun tana yarinya, wadda ba ta da ta cewa a ranar da aka ɗaura, ba ta kuma da hanyar gyarawa sai ta bar 'ya'yanta.

Sharuɗɗan 1988 ba su da wuyar ɗauka, kuma kowace majalisar ikilisiya a arewa za ta iya tattauna su a zama ɗaya. Da ni ne, zan ƙara guda: kafin a yi wa mutumin baftisma, dattawa tare da shugabannin Zumuntar Mata su zauna da kowace mace ita kaɗai, ba a gaban mijin ba, su ji ko ana yi mata adalci a ci da sutura da kwana, su kuma ji ko tana son zaman. Wadda ta zaɓi tafiya da kanta, a sa mijin ya yanka mata gona ko ya gina mata ɗaki, a rubuta, a sa hannu a gaban shaidu. Wadda ta zaɓi zama, a yi mata baftisma rana ɗaya da shi, a rafi ɗaya.