Dare mahutar bawa, har da tsuntsun keji

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin gari a ƙasar Magariya ko ta Dungas daf da magariba, ya san yadda tsuntsaye ke rufe yininsu. Zabi su haye gawo ko tsamiya, kaji su nufi akurki ba tare da an kora su ba, tantabaru su yi shawagin ƙarshe, kowace ta sauka bakin tukunyarta. Kafin a kira isha'i sama ta yi tsit. Babu mai agogo a cikinsu, amma babu mai makara. A wannan yanki rana tana faɗuwa daga wajen ƙarfe 6 zuwa wajen ƙarfe 7 duk shekara, dare ba ya kasa awa 11, da hunturu ma yana zarce 12. A kan wannan ma'auni jikin tsuntsu ya ginu.

Tsuntsu ɗaya ne aka raba da wannan tsari, wato na keji. Ɗan kasuwa ya sayo kanari, ya rataye shi a ƙofar kanti domin kukansa ya riƙa ɗebe masa kewa. Ma'aikaci ya ajiye tsirya ko aku a falo, kusa da talabijin. A da, idan aka hure fitilar ƙwai, gida duka ya shiga duhu, mutum da dabba kowa ya kwanta. Yau kuwa fitilar sola ta shiga ƙauyuka, ana barin ta kunne har asuba, samari suna fada suna shan shayi har tsakar dare, rediyo na tashi, babura na wucewa. Tsuntsun da ke rataye a tsakiyar wannan hidima ba shi da reshen da zai koma. Bayan ƴan makonni sai mai shi ya fara ƙorafi: kanari ya daina kuka, aku ya koyi cizo, yana ihu ba dalili, yana tsige gashin ƙirjinsa. Wani ya ce an sayar masa da tsohon tsuntsu, wani ya ce baki ne ya kama shi. Sau da yawa kuwa dare ne kawai aka hana shi.

Barcin tsuntsu ya bambanta da na mutum. Ba ya yin sa a dunƙule, yana yin sa ne guntu-guntu, ya rufe ido, ya buɗe, ya duba, ya sake rufewa, domin shi abincin wasu ne tun fil azal. A shekarar 1999 wani masani mai suna Niels Rattenborg da abokan aikinsa a Amurka sun jera agwagi huɗu a layi suna lura da barcinsu. Na tsakiya sun fi rufe ido biyu, na gefe kuwa sukan bar idon da ke kallon waje a buɗe, rabin ƙwaƙwalwa yana barci, rabi yana gadi. Ma'anar wannan ga mai keji a fili take: tsuntsun da aka rataye a tsakar gida, ko'ina buɗe, shi ne agwagwar gefe, kullum yana gadi. Wanda aka jingina kejinsa da bango, ko aka sa shi a kusurwa, an rage masa rabin fargaba.

Haske kuma yana da nasa lissafi. A shekarar 2020 masu bincike a ƙasar Ostiraliya sun kwantar da tantabaru a ƙarƙashin haske irin na fitilun titi, suka tarar suna asarar kusan awa 4 na barci a dare. Fitilar da ke ci a saman ɗakin tantabaru domin tsoron ɓarawo tana iya kare su daga hannun mutum, amma ita ma sata take yi. Gara a juya ta ta haska ƙofa da katanga, a bar tukwane a cikin duhu.

Abin da ake bukata ba ya cin kuɗi. Da an yi magariba a sauke keji daga ƙofar kanti ko daga falo, a kai shi wuri guda da aka keɓe masa, kuma kullum wurin nan, domin tsuntsu yana natsuwa da abin da ya saba. A ɗora shi sama, inda mage da ɓera da gafiya ba za su kai ba. A lulluɓe gefe uku da tsohon zane mara nauyi, a bar gefe ɗaya domin iska. A sa masa sanda mai kaurin da yatsunsa za su kama da kyau, a kafa ta can sama, tunda tsuntsu ya fi son kwana a wuri mafi tsawo. Da hunturu, watannin Disamba da Janairu, a kauce wa bakin taga da iskar arewa mai ƙura. Da bazara kuwa kada a rufe shi a ɗakin kwano da ya yini yana shan rana. Da gari ya waye a yaye zanen, a sake ruwa, a zuba gero, domin da sanyin safiya ne ya fi ci, ya fi kuka.

Akwai haɗarin da mutane da yawa ba su kula da shi ba, shi ne hayaƙi. Numfashin tsuntsu ya fi na mutum saurin ɗaukar guba, shi ya sa masu haƙar kwal a Ingila suka riƙa shiga rami da kanari, idan ya faɗi su san iska ta ɓaci, har zuwa 1986 da aka maye gurbinsa da na'ura. Saboda haka ɗakin da aka kunna maganin sauro, ko aka fesa fiya-fiya, ko aka shigar da kaskon gawayi domin ɗumi, ba ɗakin kwanan tsuntsu ba ne. Abin da zai sa mutum tari kawai yana iya kashe kanari kafin asuba.

Masu tantabaru su ma suna da abin dubawa. Tantabara tana yin ƙwai 2, tana kwanci kwana 17 zuwa 19, kuma aikin rabawa ake yi: namiji ya karɓa da hantsi har la'asar, mace ta kwana a kai. Duk abin da ya firgita ta da dare ya sa ta tashi, ƙwai ne zai yi sanyi. Idan aka ji tantabaru suna motsi da fuka-fuki cikin dare, ko suka ƙi shiga tukwanensu, a ɗauki tocila a duba tsagar bango. Akwai kaska da ƙuma masu ɓuya da rana a cikin tsaga, su fito da dare su sha jini. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: a yaɓe tsaga, a share kashi, a sake ciyawar sheƙa.

Wanda ya san barcin tsuntsunsa shi ne zai fara gane ciwonsa. Lafiyayyen tsuntsu yakan kwana a kan sanda, sau da yawa da ƙafa ɗaya, ya cusa baki cikin gashin bayansa. Gyangyaɗin tsakar rana lokacin zafi ba abin damuwa ba ne. Amma wanda ya yini ido rufe, gashi a tashe, ya sauko ƙasan keji, ya bar abinci, ko wuyansa ya karkace, wannan ba barci yake ba. A ware shi nan take, a nemi ma'aikatan kiwo. Mutanen Magariya ba sa bukatar a tuna musu dalili. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye a wata gonar kaji a jihar Kaduna ta Najeriya, kafin watan ya ƙare kuma aka same ta a jikin agwagi a Magariya, karo na farko a Nijar, har hukuma ta sa aka kashe kaji da sauran tsuntsayen gida na yankin. Iyaka tana nan kusa, kaya suna shigowa ta Tinkim, mutanen Dungas suna cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Sabon tsuntsu, ko daga ina ya fito, ya kwana shi kaɗai makonni 2 zuwa 4 kafin a haɗa shi da na gida, kuma kada a kwana ɗaki ɗaya da shi, balle yara.

Game da aku mai toka da jan wutsiya, wanda wasu ke ɗauka alamar arziki, ya kamata mai saye ya san abu biyu. Ba tsuntsun Sahel ba ne, daga dazuzzukan kudu ake kamo shi, kuma a taron da aka yi a Johannesburg a 2016 ƙasashe sun haramta cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Sannan yana iya rayuwa shekara 40 ko fiye, wato nauyi ne da kan wuce mai shi ya faɗa kan magada.

Zabon da ke bisa gawo shi ya zaɓi reshensa, idan wuri bai yi masa ba ya sake wani. Na keji an karɓe masa wannan zaɓi, ci da sha da kwanansa duk sun koma wuyan wanda ya rufe ƙofar. Hausawa sun ce dare mahutar bawa. Wanda ya tsare tsuntsu domin ya ji daɗin muryarsa da safe, to ya biya shi hakkinsa tun magariba: ya kashe fitila, ya rage murya, ya bar shi ya kwana.